Ba'amurkiyar da Na Ajiye a Ɗakina

Shekarun baya, wajen 2018, lokacin ina zaune a unguwar Al Muraqqabat a Dubai, saura ƙiris wani dutse ya raba ni da matar da nake aure yanzu. Dutse na gaske nake nufi, irin wanda in ya faɗo maka a ƙafa sai maƙwabta sun ji.

Ilimin duwatsu na karanta. Aikina a Dubai shi ne gwada duwatsun da ake shigowa da su don lulluɓe bangon manyan gine-gine: a danne su, a jiƙa su, a gasa su, a ga ko za su jure zafin garin. Wata rana aka kawo mana wani dutse ruwan toka, jikinsa cike da ƙananan zobba farare. Zobban nan ragowar wasu halittun teku ne da suka rayu sama da shekara miliyan ɗari uku da suka wuce, a zamanin da masana suka sa wa suna Mississippian. Da aka gama gwaji za a zubar da ɓarɓashin, na roƙi guntu ɗaya mai girman bulon burodi, na kai gida.

Mu biyu ne a ɗaki, ni da abokina, Bazazzagi, ni kuwa Bakano, don haka kun san zaman ba ya rasa tsokana. Da ya ga ina goge dutsen da tsohon buroshin haƙori sai ya ce in faɗa masa sunansa. Ni kuma a lokacin ina da wata cuta ta son manyan kalmomi, na gyara murya na ce, "Mississippian." Ya duba a wayarsa, ya fashe da dariya. Ashe kalmar ma'ana biyu gare ta. Ta farko, mutumin jihar Mississippi ta Amurka, kamar yadda za mu ce Bakatsine ko Basakkwace. Ta biyu ita ce tawa, zamanin duwatsun.

"Shi ke nan, khalas," in ji shi. "Bakano ya samo Ba'amurkiya a bola."

Daga ranar dutsen ya zama mace a gidanmu. Ya kwanan Mississippian? An yi wa Mississippian wanka? Tun ina hararar sa har ni ma bakina ya saba, na koma cewa "ita".

A wannan lokacin maganar aurena ta yi nisa. Yarinyar Bakatsiniya ce, malamar makaranta, mai ƙarancin magana. Manyana sun je gaisuwa, an karɓe su, an ce su dawo ƙarshen wata a sa rana. Abin da ban lissafa ba shi ne bincike. A gida, dattijo zai shiga unguwarku ya tambayi liman da mai shago. To ni unguwata tana hayin teku, sai mahaifinta ya ɗora wa ƙaninsa aikin, wani ɗan kasuwa da ke zuwa Dubai sarin kaya yana sauka a unguwar Al Buteen. Ban san ya zo ba, ban san ya nemi gidanmu ba.

Abin da na sani kawai, wata Lahadi, wadda a lokacin ranar aiki ce a Dubai, ina wurin aiki saƙonta ya shigo: "Wai Mississippian ɗin nan tana da kyau?"

Jama'a, daɗi ya kama ni. Ban tsaya tambayar kaina inda ta ji sunan ba, domin babu wanda na ƙyale da labarin dutsen nan, har mai gadin gidanmu. Na ɗauka na taɓa faɗa mata na manta. Na ce yau ga ta ta fara sha'awar aikina. Na ajiye abin da nake yi na rubuta mata: "Ai ba ki ga kyau ba. Ta tsufa dai sosai, amma ban taɓa ganin irinta ba. Kullum na dawo aiki sai na zauna ina kallonta, ba na gajiya. In kin zo za ki gan ta da idonki."

Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Da yamma na kira, ba a ɗauka ba. Washegari ma haka. Ranar Talata mahaifiyata ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Kai, me ka aikata a can?"

"Ni kuma, Umma? Me ya faru?"

"An aiko daga Katsina, an ce kawunnanka su dakata da zuwa. Ba su faɗi dalili ba, sun ce wai kai ka sani. In akwai abin da kake ɓoye mini ka faɗa tun ina iya tare shi."

Na rantse mata ban san komai ba. Ta ce Allah ya kyauta, ta kashe.

Ban taɓa shiga rashin sukuni irin na kwanakin nan ba. Ba na iya zama, ba na iya tsayuwa wuri ɗaya. A wurin aiki na auna dutse ɗaya sau uku na samu amsa uku. In na tashi, maimakon in wuce gida sai in sauka a bakin ruwa in yi ta tafiya, in kai ƙarshe in juyo, rigata sharkaf da gumi, waya a hannu ina dubawa duk taku goma. Na bi rayuwata kaf ina neman laifi. Ko don na taɓa ɗaukar hoto a wani wurin cin abinci da ba su yarda da shi ba? Ko wani ya ce ba na zuwa jam'i? Har saƙonnin da muka yi da ita na koma na karanta tun daga farko, na wuce ta kan na dutsen sau biyu ban ga komai ba. Wai ni mai digiri. Tsoro nake ji sosai, don ina son ta, kuma na san halin mahaifinta: in ya ce a'a sau ɗaya, ba ya sake zama a kan maganar.

Ranar Alhamis da safe muna karyawa, abokina ya gaji da ganina ina juya shayi ba na sha. Ya ce in faɗa masa komai. Ina kaiwa kan Katsina sai ya ajiye kofinsa a hankali.

"Tsaya. Wani dattijo ya zo nan ranar Asabar, mai farin gemu, Hausarsa ta Katsinawa. Ya ce shi abokin babanka ne, hanya ce ta biyo da shi. Kai kuma ka fita aski."

"Me ka ce masa?"

"Alheri na faɗa, wallahi. Na ce kana salla, ba ka shan komai, ba ka yawo." Ya sosa ƙeya. "Sai ya ce to da me kake hira in ka dawo aiki. Ni kuma na ce... ai tun da ya kawo Mississippian ɗinsa ɗakin nan ba ya kula kowa, har wanka shi yake yi mata."

Na dube shi, ya dube ni. Shi ya fara cewa innalillahi.

Na samu lambar dattijon da masaukinsa ta hannun wani mai aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, aka ce mini jibi zai tashi. Ban kira ba, don na san a waya ba zai saurare ni ba. Na nemi izini a wurin aiki, na naɗe dutsen a tawul, na cusa a jakar baya. Abokina yana ta "yalla, mu je, in raka ka?" na ce ya zauna, ya yi mai isarsa. Na hau jirgin ƙasa a Al Rigga, na sauya a Union, na sauka a Al Ras kusa da Al Buteen, na ratsa layin masu kayan yaji da rana tsaka, jakar tana dukan bayana. A hanya na shirya jawabi kusan kala biyar, duk suka zube kafin in isa.

Na same shi a zauren wani ƙaramin otal, zaune a tsakiyar kwalaye yana rubuta suna a jikinsu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya amsa a daƙile, bai ce in zauna ba.

"Kawu," na ce, "na kawo ta ta gaishe ka."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Fuskarsa ta canza. "Nan ka kawo ta? Ashe rashin kunyar taka ta kai haka?"

Na buɗe jaka, na warware tawul, na ɗora dutsen a kan kwali. Ya dube shi, ya dube ni.

"Yaro, ni za ka mayar abin wasa?"

Na nuna masa takardar wurin aikinmu da ke manne a gindin dutsen, ga kalmar a rubuce. Na roƙe shi ya duba ma'anarta a waya. Ya ciro wayarsa, ashe ya riga ya duba, shafin ma yana nan bai rufe ba. Layin farko ya karanta ranar, ya tsaya. Na sa yatsa na ja shafin sama kaɗan, ga layi na biyu. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya jawo dutsen gabansa yana shafa zobban da babban yatsa.

"Kamar 'ya'yan carbi," ya ce. "Wa ya jera su a ciki?"

Na ce halittu ne na teku, tun kafin a yi mutum a bayan ƙasa. Wannan karon a taƙaice na faɗa, da Hausa. Ya daɗe yana kallo, ya ce Allahu akbar. Ina jira ya yi dariya, bai yi ba.

"Na ba da shaida a kan abin da idona bai gani ba," ya ce. "Kuma aure na kusa kashewa da ita. Zauna, ɗana."

A gabana ya kira yayansa. Na ji yana cewa, "Yaya, ni ne da laifi. Ba'amurkiyar dutse ce. E, dutse. Ga ta nan a kan kwalina." Sai da ya maimaita sau uku. Daga can na jiyo dariyar tsohon.

Na fito ina jin kamar in yi gudu. Na ɗauka magana ta ƙare. Na tsaya a inuwar wani shago na kira ta, ta ɗauka a bugu na biyu. Na fara zuba bayani, ta bar ni har na gaji.

"Na ji," ta ce. "Baba ya faɗa mana, kowa na ta dariya."

"To alhamdulillahi. Kin ga ashe ba komai."

"Da komai. Shekara ɗaya da rabi muna tare. Kullum saƙonka ya aiki, ya gida, kin ci abinci. Ran nan na yi maka tambaya ɗaya a kan dutse, ka rubuto mini layi huɗu, har da ba ka gajiya da kallonta. Ni ban taɓa samun layi biyu ba."

Ina tsaye da dutse a baya, masu turin kaya suna ce mini in ba su hanya.

An sa rana a ƙarshen watan kamar yadda aka tsara, abokina Bazazzagi ma shi ya yi mini babban aboki, kuma har yau bai daina ba da labarin a gaban baƙi ba. Mutane in sun ji sukan ce darasin shi ne a riƙa karanta layi na biyu, ko a rage wasa da baƙon da ba a sani ba. Duk gaskiya ne, amma ba su suka zauna mini ba. Kuskuren kawu yatsa ɗaya ya gyara shi. Nawa kuwa ya daɗe tare da ni ban sani ba: bakina yana buɗewa a kan abin da ya mutu shekara miliyoyi, ya rufe a kan mai rai da ke jiran in ce mata wani abu. Har yanzu in na tuna muryarta a wayar nan kunya nake ji.

Dutsen yana gidanmu. Matata ta ba shi aiki, shi ke tokare ƙofar kicin don kada iska ta rufe ta. Wani lokaci in na zo wucewa sai in ji ina so in tsuguna in dubi zobban nan. Nakan tsuguna ɗin, amma sai na fara leƙa kicin na faɗa mata layi biyar tukuna.