Inna Mariyama, Bakin Matan Bayan Danga

Kullum da hantsi za ka same ta a gindin bedin ƙofar gidanta, a wani ƙauye na karkarar Cadakori, tana ɓarar gyaɗa. Mata na zuwa gaisuwa, su tafi su bar mata damuwarsu. Haka Inna Mariyama ta saba tun gashinta na baƙi.

A wancan zamani, in maigari ya kira taro, maza ne a fili, mata kuwa suna bayan danga suna leƙe. Mai magana sai ta raɗa wa Inna, ita kuma ta gyara mayafi ta fita ta isar. Ta bakinta garin ya sami injin niƙa. Wanda ya ga wannan fita tata, a hankali, ba ta kallon kowa, har yau yana kewarta.

Amma abin na cin ta a rai. Mata sun sami inuwa sun miƙe ƙafa. Har ƴan matan da suka yi lakol, wato makarantar boko, in magana ta taso, sai su sunkuyar da kai su ce Inna ta faɗa. Ta san ran da ta kwanta dama, bakin matan garin ya rufe ke nan.

Sai ga taron famfo. Maza na so a haƙa shi bayan kasuwa saboda dabbobi, mata su ci gaba da doguwar tafiya da tulu. Sadiya, jikar maƙwabciyarta, ta matso ta jero mata hujjoji a kunne. Inna ta dafe maƙogwaro, ta yi tari, da ƙyar ta ce, "Ɗiyata, murya ta tahi. Maganar da kunka ba ni, tashi ki hwaɗi da bakinki. In kin ƙiya, ke da tulu har tsuhwa."

Sadiya ta fita, ta fara da in'ina, ta ƙare fili ya yi tsit. Famfon yana tsakiyar gari yanzu. Da la'asar ɗin ranar kuwa aka jiyo Inna tana yi wa awaki tsawa har unguwar gaba. In an tuna mata, sai ta ce Allah ne ya kawo sauƙi da wuri.

Sadiyar nan ce daga baya ta tsaya takara, ta zauna kujerar konseye, wato kansila, ƙannenta suka bi sawu.

Inna, ke ce uwa ma ba da mama. Kin yi magana shekara da shekaru, amma shirun da kika yi ranar nan ya fi komai amfani. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma ƴan mata, kada ku jira wata ta yi tari kafin ku miƙe.

Dangar tana nan, sai dai yanzu shanya ake yi a kanta.