Kaltumen da Ta Kai Mana Uwargida Makaranta

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma Kaltume Bashari ta riga mu kama hanya. Ta rasu ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, a nan Riyad, a asibitin da ta daɗe tana jinyar 'ya'yan mutane. Ina zaune bakin shagon Ghali a Batha aka gaya mini. Kasuwar nan mai hayaniya sai na ji ta can nesa, kamar ana cinta a ƙarƙashin ruwa.

Kaltume, na ɗauka ke za ki tsaya a kaina, sai ga shi ni nake rubuta miki. Bene ɗaya muka zauna a unguwar Ulaisha, ke a sama, mu a ƙasa. Ranar Juma'a ƙamshin miyar kukarki yakan sauko matakala a hankali, ya ƙwanƙwasa wa kowa ƙofa, har mutum ya manta ƙasar da yake. Kina auna jinin tsofaffin gidan kyauta, faɗa kuma gyara ne. Ni kika ce wa: "Baba, gishirin nan zai kai ka inda ba a tambayar iƙamar zaman ƙasa."

Amma abin da ya zaunar da ni rubutu jikata ce, 'yar ɗana Najib da matarsa Rabi. Ta shekara huɗu ba ta haɗa kalma biyu. Takan wuni tana kallon hasken rana yana tafiya a bango, kamar akwai mai ba ta labari a ciki. Masana kuwa ba a rasa su a Batha. Wani ya ce Hausa da Larabci da Turanci ne suka yi mata cunkoso a baki. Wani ya ce a garinsu an yi wanda bai yi magana ba sai da ya yi gemu, kuma ya buɗe baki da wa'azi. Makarantu suka ce sai an gwada ta kafin su karɓa. Rabi ta ji tsoron abin da gwajin zai faɗa, ta daina fita da yarinyar ko gidan suna.

Ke ce kika sauko, kika zauna a tabarma. "Rabi, ƙanwata, ɓoye ta ba zai buɗe mata baki ba. Shirya ta, ni zan raka ku."

Ina tuna ɗakin gwajin, an zana gajimare a bangonsa. Ni ina wurin jiran maza, ina hango ku ta ƙofa. Malamar gwajin, Balarabiya mai sanyin murya, ta koma bayan yarinyar ta kira: "Ya Hajar! Hajar!" Shiru. Ta sake, yarinya ko motsi. Malamar ta fara zancen a duba kunne, Rabi ta fara hawaye. Ke kuwa sai kika yi dariya, kika yi mata bayani da Larabcinki na asibiti: sunan kakarta marigayiya aka sa mata. Uban ba ya faɗin sunan uwarsa, uwar ba ta faɗin sunan surukarta. Yarinyar ba ta taɓa jin sunan nan a kunnenta ba. A gida Ummi ce, ni kuma Uwargida nake ce mata, wasan kaka da jika.

Kika leƙo kika ce, "Baba Dalhatu, zo ka kira matarka."

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Uwargida, ina tuwona?"

Ta waiwayo, ta ƙyalƙyale da dariya. Malamar ma ta dara, ta ce, "Masha Allah," aka ci gaba da gwaji. Ba a ce lafiya lau take ba. An ce tana ji, tana fahimta, amma harshenta da hannunta suna baya, kuma akwai ƙaramin aji da zai karɓe ta. A mota kika ce tunda da Hajar za a kira ta a makaranta, dole wani ya koya mata sunanta. Ke kika ɗauki aikin. Kullum da safe kikan tsaya a matakala ki kira, ita kuma wata rana ta juyo, wata rana bango ya fi ki labari.

Watan gobe za a sake gwada ta, a ga ko za ta shiga aji da sauran yara. Matakalar ta yi shiru, Najib da Rabi kuwa bakinsu ba zai iya ba. Ni ma tun da na binne mai sunan ban sake furta shi ba. Shekaranjiya na tsaya inda kike tsayawa, na tattaro abin da ya rage mini na murya, na ce, "Hajar." Ta daɗe tana kallon bangonta. Sannan ta juyo, ta dubi saman bene tukuna, kafin ta dube ni.

Zan kai ta gwajin da kaina, Kaltume.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa jinyar da kika yi wa 'ya'yan mutane ta tsaya miki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Kamil, da 'yarki Maimunat, da danginki na gida da ba su samu ganin fuskarki ta ƙarshe ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan. Amin.