Doki Na Takwas

Kafin abin da zan ba ku labarinsa ya faru, na yi imani da abu biyu. Na farko, cewa mutumin da bai zuba kuɗinsa a caca ba, babu ruwansa da zunubinta. Na biyu, cewa hana doki gudu ba zalunci ba ne, domin dokin da ya wuni a barga hutawa ya yi. Waɗannan biyu ne suka raka ni har ƙofar gidan yari. Yanzu shekaruna hamsin, kuma ina rubuta wannan ne domin ku matasa, musamman waɗanda suka yi karatu, tun da mai karatu ya fi kowa iya ƙera wa kansa hujja.

Likitancin dabbobi na karanta a wata jami'a a Arewa. A farkon shekarun tamanin na zo Landan domin ƙarin ilimi. Tallafin da nake samu daga gida ya yanke ban gama ba, ga shi kuma ba a yarda in yi aikin likita a nan sai na ci wata jarrabawa. Na zauna mata sau ɗaya na faɗi, daga nan na yi ta ɗaga ta daga bana zuwa baɗi. A ƙarshe na sami aiki a wurin wani tsohon likitan dabbobi, Bature, mai duba dawakin sukuwa a ƙananan bargogi da ke bayan gari ta kudu. Idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa. Ni ke shafa ƙafar doki, ni ke auna zafin jikinsa, ni ke sauraren numfashinsa. Shi kuwa abin da na faɗa masa shi yake sa wa hannu. Ya amince da ni ƙwarai. Maimakon in gode, sai na riƙa ganin an tauye ni: ilimi nawa, suna nasa.

Da wannan ƙorafi a zuciyata na haɗu da wani mutum mai suna Teri, ɗan aiken wasu masu shagunan caca. A wurin ajiye motoci na filin sukuwa ya tare ni, yana murmushi kamar mun daɗe da sanin juna. Na ce masa ni Musulmi ne, ba na caca.

Ya ce, "Wa ya ce ka yi caca, Dokta? Labari kawai nake saye. In doki ya kwana yana tari, ka faɗa mini kafin kowa ya ji."

Na yi nazari, na ga ai gaskiya zan faɗa, ba ƙarya ba. Na karɓi abin da ya ba ni. Shekara guda muka yi a haka, ina sayar da gaskiya, ina kuma yin salla a kan lokaci.

Sannan ya zo da wata buƙata. Sai na ɗan yi muku bayani kafin ku gane ta. A tsarin cacar ƙasar nan, akwai masu sa kuɗi a kan cewa doki zai zo cikin na gaba-gaba, ko da bai zo na ɗaya ba. Idan dawaki takwas suka fito, ana biyan waɗanda suka zaɓi na ɗaya, da na biyu, da na uku. Idan kuwa bakwai ne suka fito, na ɗaya da na biyu kaɗai ake biya. Wato doki na takwas, ko da shi ne zai zo na ƙarshe, fitowarsa kaɗai tana iya jawo wa mai shago hasara. Abin da Teri yake so shi ne, a ranakun da zai nuna mini, doki guda ya wayi gari ba shi da lafiya.

Na ce, "Ba zan cuci dabba ba."

Ya ce, "Kai ma ka faɗa. Ba allura, ba magani. Ka duba ma'aunin zafi, ka karanta abin da ba shi ne a jiki ba. Doki ya huta, mai shi ya dawo wani mako. Wa aka cuta?"

Ban tsaya neman wanda aka cuta ba. Haka na fara. Kuma tun daga farko na gane abin da ya fi sauƙi: ba a taɓa dokin attajiri mai dawaki ɗari, domin yana da likitocinsa, yana da masu tambaya. Dokin ƙaramin mutum ake cirewa, wanda zai ji baƙin ciki ya yi shiru.

Cikin bargogin da muke zuwa akwai ta wata Baturiya da mijinta ya rasu ya bar mata sana'ar horar da dawaki. Kowa Madam yake kiranta. A can na fara jin Hausa a tsakanin dawakin Ingila. Wani dattijo ne, Baba Salifu, mutumin Zango daga Ankara ta ƙasar Gana, wanda ya tsufa yana tuƙin bas a kan titin Old Kent Road. Mahaifinsa ɗan barga ne a filin sukuwar garinsu, shi ma a cikin harawa ya girma. Da ya bar aiki, ya ɗauki kuɗin sallamarsa ya sayi rabin wata goɗiya ja mai farin goshi, rabin kuma na Madam. Tana da dogon suna na Turanci a takarda, amma shi Hajiya yake kiranta, saboda yadda take takawa a hankali kamar ba ta son ƙasa ta taɓa ta.

Ranar da ya gane ni Bahaushe ne, riƙe hannuna ya yi ya ƙi saki. Hausarsa irin ta Zango ce, ba ta raba mace da namiji.

Ya ce, "Ɗana, Allah ne ya kawo ka! Yanzu Hajiya ya samu likita ɗan gida. Ni ba caca na ke so ba, wallahi ko sisi ban taɓa sa ba. Gudu na ke so. In gan shi ya fito fili da riga na, shi ke nan, ko na ƙarshe ya zo."

Rigar da yake nufi ita ce wadda mahayi ke sawa, mai launin da mai doki ya zaɓa. Madam ta yarda a yi amfani da launinsa, kore da ratsin ruwan ƙwai, kuma matarsa, Mma Hawa, ita ta ɗinka ta da kekenta. Sun sha gayyata ta gidansu, wani ɗan flat na council, gidan hayar ƙaramar hukuma, a hawa na uku, in ci shinkafa da wake da yaji. Rigar tana rataye a jikin ƙofa cikin leda. Mma Hawa takan nuna ta da ludayi ta ce, "Ka gani, Dokta? Ni ban je Makka ba, doki ya zama Hajiya. Kuɗin kujera na ne ya ke cin ciyawa!" Baba Salifu ya yi dariya har da hawaye, ya ce in Hajiya ya ci tsere, su duka uku za su tafi.

Karo na farko da aka sa Hajiya a tsere, dawaki takwas ne. Teri ya kira ni. Na gaya wa kaina cewa sau ɗaya ne, kuma goɗiyar ƙarama ce, jira ba zai rage ta da komai ba. Da safe na auna ta, na ce jikinta da zafi. Tsohon likita ya sa hannu, aka cire ta. Baba Salifu ya shafa wuyanta ya ce, "Ba komai. Gara da ka gani, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Karo na biyu na ce na ji ƙara a ƙirjinta. Baba Salifu ya sake gode mini.

Na sha tambayar kaina me ya sa ban tsaya a nan ba. Ba yunwa ba ce. A lokacin ina da mota, ina sa riguna masu tsada. Ina jin abin da ya riƙe ni shi ne daɗin ganin cewa maganata, ni da aka hana takardar likita, ita ke yanke wanda zai fito fili da wanda zai zauna.

Karo na uku ya zo a tsakiyar bazara. Baba Salifu ya tara iyalinsa da abokansa na masallaci, suka yi hayar ƙaramar bas, Mma Hawa ta dafa abinci a manyan kuloli. Na gaya wa Teri ya nemi wani dokin. Ya ce babu wani da hannuna zai kai gare shi a wannan tsere, ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa ya san duk abin da na yi a baya. Ba zan ɓoye a bayan wannan barazana ba. Ina iya ƙi, in fuskanci abin da zai biyo. Tsoron kunya ya fi mini nauyi a kan tsoron Allah.

Matsalar ita ce Madam ta fara auna zafin goɗiyar da kanta, saboda haka ƙaryar baki ba za ta wadatar ba. Da sassafe na shiga ɗakin Hajiya, na shafa mata wani mai mai zafi a ƙafar gaba. Ta juyo ta sa hancinta a kafaɗata, domin ta saba da ni. Kafin hantsi ƙafar ta kumbura, tana ɗaga ta daga ƙasa. Ni da na ce ba zan cuci dabba ba.

Bas ɗin Baba Salifu ta biyo ta barga a kan hanyar zuwa fili. Ya sauko da babbar riga, rigar mahayi a hannunsa. Madam ce ta gaya masa. Ya tsaya yana kallon ƙafar. Sannan ya juya wurin mutanensa ya ce, "An yi cancel, Hajiya ba zai gudu ba. Ku zo mu ci abinci a nan, kar ya lalace." A gindin shingen barga muka ci abincin. Mma Hawa ta zuba mini da hannunta, ta ƙara mini nama.

Abin da ban lissafa ba, duk da karatuna, shi ne suna. Dokin da aka cire sau uku a jere ya zama abin gudu a wurin masu saye, kowa ya ɗauka yana da ciwon da ba ya warkewa. Kuɗin ciyarwa kuwa ba ya jira. Kafin sanyi ya shigo, Baba Salifu ya kasa biyan rabonsa, Madam ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba. Aka kai Hajiya kasuwar dawaki, aka sayar da ita a wulaƙance. Ban san inda ta ƙare ba. Ba Baba Salifu kaɗai ba ne. Wasu masu ƙaramin ƙarfi biyu ko uku da na yi wa irin wannan su ma suka janye dawakinsu daga wurin Madam, suna cewa bargarta ba ta da sa'a.

Ba wayo ne ya tona ni ba, ba kuma nadama ba. An kama Teri a kan wani laifi dabam, ya sayi sassauci da sunayenmu. Tsohon likitan ya rasa lasisinsa a kan takardun da ya sa wa hannu bisa amanata. Ni kuma aka yanke mini ɗauri.

Ina cikin wata na huɗu aka ce ina da baƙo. Baba Salifu ne, ya rame, yana dogara sanda. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, har ina fatan ya zage ni. Ya zauna, ya tambayi lafiyata, ya tambaya ko ana ba mu wurin salla. Sannan ya ce:

"Tambaya ɗaya na zo da shi. Kar ka yi mini ƙarya, ɗana. Hajiya, lafiyan shi lau?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba."

"Duka sau ukun?"

"Duka ukun. Ban taɓa duba dokin da ya fi ta lafiya ba."

Ya rufe ido ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara biyu ina cewa ni ne na tsufa, na manta abin da baba na ya koya mini, na sayi gurgu da kuɗin mata na. Ashe ido na bai mutu ba." Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Da ka bar shi ya gudu sau ɗaya."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ban sake ganinsa ba.

Na fito a tsakiyar shekarun casa'in. Yanzu ina aiki a wani shagon kayan abinci kusa da kasuwar Woolwich, ina ɗaukar buhunan shinkafa, kuma na tuba ga Allah gwargwadon iyawata. Nakan ji masana suna muhawara a rediyo a kan dalilin da ya sa dawakin da ke fitowa a kowane tsere suke raguwa. Suna ambaton tsadar ciyarwa, da ƙarancin ladan da ake ba wanda ya ci, da yawan tsere fiye da dawakin da ake da su, da yadda manyan attajirai suka tattare dawaki masu kyau a hannunsu. Duk gaskiya ne, kuma ba zan yi girman kan cewa ni ne sanadi ba. Amma na san abin da ba sa faɗa. Fili ba ya cika da dawakin attajirai. Waɗanda ke cika shi su ne na shida, da na bakwai, da na takwas, dawakin direban bas da mai gyaran famfo, mutanen da ba sa neman komai sai su ga nasu ya fito. In irin wannan mutum ya tafi, ba ya dawowa, ɗansa ma ba ya zuwa.

Ku matasa, idan wani ya ce muku aikin da yake so ku yi ba ya cutar da kowa, kada ku karɓa sai kun tashi kun nemo wanda zai cutu, domin yana nan, kuma sau da yawa shi ne wanda ya fi amincewa da ku. Kada ku auna tsarkinku da abin da kuka ƙi taɓawa kawai. Ni ban taɓa shiga shagon caca ba har yau.

Bara na je wurin da bargar Madam take. An rushe ta, an gina gidaje. Daga nan na wuce fili, na tsaya a bayan shinge na kalli irin tseren da aka sa Hajiya a cikinsa. Dawaki biyar ne suka fito. Baba Salifu ya rasu ina ɗaure. Rigar tana wurin Mma Hawa, a cikin ledarta, ba a taɓa sa ta ba.