Littafin Hawaja Tanasi da na cusa a murhu

Da safen nan saƙo ya shigo wayata daga wata lamba ta ƙasar Girka: Hawaja Tanasi ya mutu.

Jikarsa ce ta rubuto. Kun san halina, kafin in ji baƙin ciki sai da na tsaya ina tambayar kaina wa ya ba ta lambata. Hali zanen dutse.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Bagirke ne haifaffen Bur Sudan. Mun yi aiki tare a wani kamfanin jiragen ruwa a nan Jidda, shekarun da nake da ƙarfina. Shi akawu, ni direba. Amma ainihin sana'arsa tsara waƙar opera ce, wato wasan kwaikwayon da ba a magana a cikinsa, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera.

Mutum ne mai kirki, kuma kirkin nasa ne ya fara ba ni tsoro. A gaban mota yake zama kusa da ni. In ya kawo zaitun da cuku sai ya raba biyu. Da azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa baki a gabana ba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Sai ya fara roƙona in riƙa kai shi unguwarmu Karantina ranar Alhamis da la'asar, wai yana son jin waƙar da matanmu ke yi in suna daka. Innata ce ke ba da waƙar, sauran suna amshi.

To, Inna ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. A ƙasa ta zo aikin Hajji ta Sudan, ta zauna, ba takarda ko ɗaya. A unguwarmu duk wanda ya shigo da littafi da alƙalami, jawazat muke gani a bayansa, masu kama marasa takarda su sa a jirgi.

Hawaja kuwa zai zauna a mota ya buɗe littafi yana ta rubutu. Wata rana na leƙa. Ba Larabci ba ne, ba boko ba. Layuka ne biyar-biyar, an jera musu baƙaƙen ɗigo, kowane da ƙafa ɗaya. Baƙaƙen kawuna a kan layi, in ba mu yake ƙirgawa gida-gida ba, su wa?

Bayan mako biyu jawazat suka shigo da hantsi suka kwashe mata daga lungunmu. Inna ta tsira don ta tafi kasuwa.

Washegari na zare littafin daga jakarsa, na kai gida na cusa a murhu. Da shi Inna ta ƙarasa tuwon rana, ba ta san me ke ci a wutar ba.

Ya nemi littafin nan kamar zai zauce. Ashe rubutun kiɗa ne, aikin shekara uku ne a ciki. Har ƙarƙashin kujerun mota na taya shi dubawa, ban ji kunya ba. Bai taɓa tambayata ba, kuma bai sake cewa in kai shi Karantina ba.

Ranar da zai koma ƙasarsu ni na kai shi filin jirgi. A hanya ya fara rera waƙar dakan Inna da hanci, tiryan-tiryan, sai ƙarshen ne ya ɓace masa. Ya juyo ya ce da Larabcinsa na Sudan, "Ya Bashir, ƙarasa min." Na ƙarasa.

Da zai sauka ya dafa kafaɗata. "Da uwata ce, ni ma da na ƙona. Halas, ya wuce."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Jikar ta ce opera ɗaya tak aka taɓa nuna masa, sauran rayuwarsa koyar da kiɗa ya yi a wani ƙaramin gari. Ta turo min bidiyon wani sashe. Wata Baturiya ce tsaye da taɓarya, tana rera waƙar Inna da yarensu, har da ƙarshen da na ba shi a mota. Inna ta daɗe a kabari, Karantina ma an rushe ta, mu da muka sha nononta mun manta rabin baitocin. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Har yau ban san wanda ya kai mu ƙara ba. Abin da na sani, hannuna ne ya kai littafin wuta.

Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya roƙa min gafara kan zato, don mai haƙƙin ya riga ni tafiya ban ce masa ya yafe min ba.