Ranar da Yaya ya tafi kallon damisa

Babban wanmu yana da labari guda da ba ya gajiya da shi. Duk wanda ya shiga falonsa a Tarauni, ko mai gyaran famfo ne, sai ya ji yadda ya kutsa ƙungurmin dajin Indiya neman damisa. Ba irin tamu mai roɗi-roɗi ba, in ji shi, wata shirgegiya ce mai zane kamar an ja mata layi da gawayi. Ni dai da ya fara nake tashi in koma kicin wajen matarsa, don da ni aka yi tafiyar, na kuma san inda yake tsallakewa.

Mutumin nan fa a Gyaɗi-Gyaɗi muka tashi tare, gidan zu ga shi nan, ko a ƙafa ka je. Bai taɓa leƙawa ba. Talotalon maƙwabta ma in ya baza fiffike, Yaya hanya yake canzawa. Amma yana sauka daga jirgi sai ga shi ya zama sarkin dawa.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Inna ce, mahaifiyarmu, ciwon zuciya ya matsa mata, likitoci suka ce sai an yi aiki. Ni aka ɗauka saboda ni nas ce, shi kuma a matsayinsa na babba. Ana jiran ranar aikin ya haɗu da wasu 'yan kasuwa a masauki, suka ba shi labarin wani daji mai nisa, inda ake loda mutane a buɗaɗɗiyar mota a kai su kallon damisa. Shi ke nan, aka rasa kansa.

Ya zo bakin gadonta yana sosa ƙeya. "Inna, in je? Kafin ranar na dawo."

Shi ne ɗan farinta, Inna kuwa irin matan da ne masu alkunya. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta kama sunansa, sai dai "wancan" ko "yayanku". Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, laƙabi ta sa masa. Mace irin wannan, ta yaya bakinta zai iya cewa zauna, ina son ganinka? Sai ta juya fuska bango ta ce da ni, "Ce masa Allah ya kiyaye hanya."

Duk wanda ya sha nonon gidanmu ya san wannan ba izini ba ne. Na bi shi waje na ce, "Haba Yaya, kai ma ka san ba ta so."

"Ke kin cika mita," in ji shi. "Ba ke ce nas ba? Ni in na zauna allura zan yi mata?"

Ya sa wata malfa ya tafi. Washegari jikinta ya rikice, aka ce ba za a jira ranar da aka sa ba. Na kira wayarsa har hannuna ya gaji, dajin ba sabis. Ana tura ta zuwa tiyata ta kama hannuna, ta nemi in yafe mata, ta ce in gaya wa sauran haka. Sannan ta dubi ƙofa, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, tiryan-tiryan, ta ce yana ina. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na ɗauka wani take nufi. Na ce yana hanya, suka shige da ita, na zauna a ƙasa ina kuka.

Sai da komai ya lafa ya dawo, sauro ya yi masa kaca-kaca, yana washe baki yana nuna mini hotuna. Sawun ƙafa a cikin taɓo, sai wani tulin kashi da mai rakiyarsu ya rantse na damisa ne. Ita kanta ko jelarta bai gani ba. Damisa ƙi sabo, wallahi ta burge ni, ta fi mu sanin wanda bai kamata a fito wa ba.

Allah ya tashi kafaɗun Inna, muka dawo Gyaɗi-Gyaɗi. Mata suna zuwa dubiya tana cewa, "Ai wancan ya yi ƙoƙari." Ni ce nake cizon leɓe. Ta yi 'yan shekarunta, ta koma "wancan" da "yayanku" har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku ya shigo cikin gida ya same ni, idonsa jawur, ya ce, "Kin ga Inna ta tafi ba ta taɓa kiran sunana ba."

Na dube shi. Ta kira, ni na ji. Ban ga dalilin da zan miƙa masa abin da bai tsaya ya karɓa ba.