Sunan Tabaldi a Bakin Burul

Burul ta yi zaman aure fiye da shekara talatin a ƙauyenmu na tsaunukan Narin, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. Sunansa Tabaldi, direban motar madara, mutum mai yawan tari da ƙarancin magana. In tana so ya zo cin abinci sai ta leƙa ta ce, "Kai, mutumin nan, shayi zai huce." In a gaban baƙi ne kuwa, uban Ilgiz. Haka aka koya mata tun ranar da aka kawo ta daga ƙetaren kogi: mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na manyan danginsa. Matan yanzu sun daɗe da yin watsi da wannan, ita ce dai ta riƙe shi gam. Sunan surukinta yana da kalmar ɗan rago a ciki, don haka ta ƙare rayuwarta tana kiran 'yan raguna "ƙananan nan", a garin da tumaki suka fi mutane yawa. Mun yi mata dariya har mun gaji, ita ko a jikinta.

Sana'arta ɗinkin dardumar ulu, irin wadda ake yanka ja da baƙi a haɗa su su zama zanen ƙahon rago. Ta haifi uku, ɗaya ne ya tsaya, shi ne Ilgiz. Tun yana makaranta ya kamu da son waƙar baƙaƙen Amurka, wadda ake zuba magana da sauri a kan ganga. Ya sa wando wanda zai ɗauki mutum biyu, ya juya hula baya. Ubansa ya kan tsaya a ƙofar ɗaki ya saurara, ya ce, "Waɗannan faɗa suke yi ko waƙa?" Da ya girma ya tafi Bishkek, babban birninmu, yana gyaran waya a kasuwa, yana haɗa kiɗansa a wani ɗaki da ya liƙe bangonsa da kwalin ƙwai. Yana da wata ɗabi'a: duk sautin da ya ji sai ya ɗauka a waya, ƙararrawar doki ce ko cinikin 'yan kasuwa.

Tabaldi ya rasu da kaka, bayan an sauko da dabbobi daga tsauni. Aka kafa tantin ulu a tsakar gida kamar yadda ake yi, aka kwantar da shi a bayan labule. Maza suka jeru a waje suna kuka da ƙarfi, mata suka zauna a ciki, fuska ga bango, hannu a ƙugu, suna koshok, wato kukan da ake rerawa ana lissafa halin mamaci. Ba a san Burul da murya ba. Amma ran nan ta rera motarsa da ba ta tashi sai an tura, ta rera tarinsa da take ji tun daga kan gada ta ɗora ruwan shayi, har matan da suka zo don ganin ido suka yi kukan gaske. Da maza suka shigo ɗaukarsa, tun da mata ba sa bin gawa, sai ta juyo daga bango ta ɗaga murya.

"Tabaldi! Tabaldi, ka tsaya!"

Mata suka sunkuyar da kai. Yayarsa Anarkan, tsohuwar da duk dangi ke shakka, ta ji, ta kawar da fuska. Irin wannan kuskuren ana yafe wa mai sabon rashi, kowa ya yi kamar bai ji ba, shi ke nan. Abin da ba wanda ya sani shi ne wayar Ilgiz tana aiki a aljihunsa.

Burul ta shiga baƙaƙen kaya na shekara guda. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Ilgiz ya koma birni, gida ya yi mata faɗi. Kowace Alhamis tana soya borsok, ɗan fanken da muke yi don ƙanshin mai ya kai ga matattu, sai ta rasa mai ci, ta juye wa maƙwabta. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai a wannan sanyin. Abu ɗaya ne ya riƙe ta: sadakar shekara, ranar da matar mamaci take yin koshok na ƙarshe kafin a cire mata baƙi. Tana ɗinki tana tara abin da za ta faɗa masa, domin na farko ya zo mata a gigice, ta manta abubuwa da yawa.

Da hanya ta buɗe ta shiga motar haya za ta gari sayen rini. Direba ya kunna waƙa, ganga ta cika motar har gilashi na rawa. Ta gane muryar ɗanta, yana zuba magana a kan motar madara da uban da ba ya dariya. Ta fara murmushi ma. Sai aka yanke maganar, wata mace ta ƙwalla, "Tabaldi, ka tsaya!" Ganga ta buga, ta sake ƙwallawa, ta sake. 'Yan mata biyu a kujerar baya suna amsawa suna kaɗa kafaɗa.

"Apa, kin san wannan?" in ji direba, don haka muke kiran uwa da duk wata dattijuwa. "Ɗan yankinku ne fa! Duk ƙasar nan ita ake ji."

"Sauke ni nan."

"A nan? Ba kowa a nan sai duwatsu."

"Na ce ka sauke ni."

Da ƙafa ta koma gida, ba rini. Ta kira Ilgiz ko takalmi ba ta cire ba.

"Apa, kin ji ta?" Murna fal muryarsa. "So nake na zo na kunna miki da kaina."

"Wa ya ba ka?"

"Wa ya ba ni me? Ubana ne fa."

"Ubanka ne. Bakin na wane ne?"

Ya shiga yi mata bayani, shi da gaskiyarsa. Ya ce mutanen da ya koyi waƙar nan a wurinsu haka suke yi, su ɗauko muryar iyayensu daga tsoffin faya-fayai su ɗora a kan sabuwar ganga don kada ta mutu. Ya ce girmamawa ce. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin ta kira ubansa ba sai ran nan, kuma da ya ji, sai ya san ashe ta so shi.

"Sai da na yi ihu ka sani?" ta ce. "Duk shayin da na dafa ba ka gani ba? Cire ta."

"Apa, ba ta ciruwa. Ta shiga wayar kowa."

Ta kashe wayar. Ba ta zage shi ba, ba ta iya zagi ba, amma ta daina ɗauka in ya kira.

Lokacin bukukuwa ya zo. Tana zaune a tsakar gidanta cikin baƙi, tana jin kanta daga gidan biki tana roƙon mijinta ya tsaya, mutane na tafi. A wajenmu ko yaro ya san ba a koshok inda ba a yi mutuwa ba, kiran mutuwa ne. Amma da aka sa masa ganga sai kowa ya manta, har da waɗanda suka yi kuka a tantin. Ta rage fita. In ta je shago a kan yi shiru, wani ya yi gyaran murya, mai shago ya miƙa mata gishiri yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka Ilgiz ya diro gida ba sanarwa, ido jawur. Ya tura mata waya a gaban fuska. Wani mawaƙi ne a Amurka, da sarƙar zinariya, a bayansa mahaya da takubba da hulunan da ba na kowa ba ne a cikinmu, suna sukuwa a cikin hayaƙi. Muryarta ce ke tashi duk sanda suka zare takobi.

"Kin ga? Ya ce wai kirarin yaƙi ne na mutanen Mongoliya! Ko sunan ƙasarmu bai sani ba. Bai tambaye ni ba, bai ambace ni ba. Apa, sun sace mini waƙa!"

Burul ta dube shi.

"Sun sace maka," ta ce. "Allah sarki. Da zafi, ko?"

Ya mayar da wayar aljihu. Ta zuba masa shayi, ta yanka masa burodi, suka ci. Ya gyara mata ƙofar garke da ta karye, washegari ya koma.

Da sadakar shekara ta matso, Anarkan ta zo da sandarta, ta ƙi zama a kan darduma mai kyau, ta zauna a bakin ƙofa.

"Mun yi magana da dangi. An samo mai koshok daga gari, ita za ta yi."

"Eje, mijina ne," in ji Burul, tana kiranta yaya da harshenmu.

"Ƙanena ne kafin ya zama mijinki. Kina buɗe baki samari za su ɗaga waya, wasu su fara gyaɗa kai. Sunan gidanmu ya sha rawa ya isa. Ki zauna ki dubi bango, ki yi shiru."

"Shekara guda ina tara abin da zan faɗa masa."

"Da kin tara bakinki tun ran nan, da ba mu zo nan ba."

Haka aka yi. Aka yanka doki, aka kafa tanti, mutane suka cika gida. Matar da aka ɗauko tana da murya, ba laifi. Ta rera cewa marigayi zaki ne, mai dawakai dubu, mai baki ɗaya da sarakuna, duk abin da take rerawa a kowane gida. Tabaldin da ko jaki bai mallaka ba! Burul ta zauna fuska ga bango, hannu a ƙugu, maganarta cike da ciki, ba ta ce uffan ba. Tana jin kukan Ilgiz a waje cikin maza. Aka cire mata baƙi aka sa mata shuɗi, aka yi addu'a, aka watse. Ilgiz ya tsaya a gabanta da jaka yana murza hula, ta shafa kansa ta ce ya yi sauri kada mota ta bar shi.

Washegari da hantsi ta ga an manta da kason Anarkan na nama, wanda ake ba babbar 'yar gida. Ranta bai so ba, amma ba a barin wannan. Ta naɗe shi a ƙyalle ta tafi. Ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta zaga baya. Tsohuwar tana zaune a kan bokiti a jikin garke, ta manna waya a kunne da hannu biyu, ganga na fita siririya. Burul ta ji muryarta.

Anarkan ta ɗago. Ta yi ƙoƙarin kashewa, yatsunta suka ƙi, ta bari.

"Me kike kallo? Ajiye naman ki tafi."

Burul ba ta tafi ba.

"Jikata ce ta sa mini," in ji tsohuwar, tana hararar garke. "Ni na goya shi. Ni na koya masa tafiya. Tun da aka binne shi kowa sai marigayi, marigayi, kamar ba a raɗa masa suna ba. Ni kuma in na kira shi ni kaɗai a ɗaki sai na ji kamar na haukace."

"To don me kika hana ni, eje?"

"Don abin kunya ne. Har gobe abin kunya ne, kada ki ɗauka na canza." Ta share hanci da bakin mayafi. "Gangar nan ce take hana ni ji sosai, kunnena ya yi nauyi. Ba kowa a nan. Faɗa mini shi sau ɗaya, ba ganga."

Burul ta ajiye ƙullin naman. Ta juya ta fuskanci bangon garke, ta sa hannu a ƙugu. Ta ja numfashi, ta buɗe baki. Harshenta ya kai ga harafin farko ya tsaya. Ta sake gwadawa, sai gangar ta ji tana bugawa a cikin kanta, tana jiran ta shigo a inda aka saba. Abin da ta tara shekara guda yana nan, amma ƙofarsa ta ƙi buɗuwa. Ta sauke hannuwanta.

"Ba ya fitowa, eje. Sau ɗaya nake da shi, na kuma riga na faɗa."

Anarkan ta dube ta, ba ta yi faɗa ba. Ta matsa gefe a kan bokitin, wurin bai isa ba, Burul ta tsuguna a ƙasa kusa da ita. Tsohuwar ta laluba ta danna, waƙar ta koma farko. Ta riƙe wayar a tsakanin kunnenta da na matar ƙanenta.

"Yaron nan da surutu," ta ce. "Sai ya gama duk wannan kafin a zo wurin?"

"Sai ya gama," in ji Burul.

Suka kasa kunne suna jira.