Lambar da Yaya Hamisu Ya Tafi Dubawa

Da damunar bana shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana Hamisu, mai gyaran kwamfuta a Gidan Rumji. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin ban tabbata ina da bakin yin wannan magana ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Ba ya sayen sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai an karanta lambar da ke jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart-mer. Kowane allo da irin gurbinsa. In ka cusa wanda ba nasa ba, ka lanƙwasa ƙafafun, ka yi asarar duka biyu.

Lokacin ina koyarwa a wata lakol ta ƙauye wajen iyaka. Tsohuwar kwamfutarmu, mai ɗauke da sunayen 'yan jarrabawa, ta koma tafiyar hawainiya. Na tambayi Yaya ko a sauya mata furosesa, ya ce in buɗe in karanto masa lambar allon. Na buɗe, na goge ƙura, na ga lambar sarai, na rubuta ta a littafina. Amma da na kira shi na karanta masa, sai na ce, “Yaya, kamar dai ita ce, sai dai ban sani ba ko na duba daidai.”

Ya yi dariya. “Malam Wataƙila! Wannan digiri naka bai koya maka cewa e ko a'a ba? Bari in zo, gani ya kori ji.”

Ya hau moto, wato babur, da hantsi. A kwarin da ke gab da ƙauyen 'yan bindigar suka tare shi. Wani manomi da ya ɓuya cikin hatsi ya ce Yaya ya riƙe kan moton ya ƙi saki. Suka sare shi da adda a hannu, suka harbe shi a ƙirji, suka bar shi kife cikin laka. Da jandarma suka kawo shi, sukuddirebansa na cikin aljihu, jini ya bushe a kai. Ni na wanke shi.

Yau yara na ɗaukar hoton allo da waya su tura, a ba su amsa nan take. Ina jin da zai yaba, ko kuwa ya ce hoto ma sai an goge ƙura. Hanyar kuwa, har yanzu mutane sai sun tambaya kafin su bi ta.

Inna takan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda. Amma bara na sake buɗe kwamfutar, na gwada lambar da wadda na rubuta a littafina ranar. Babu harafi ɗaya da na kuskure.

Shagonsa na hannuna yanzu. In mutum ya tambaye ni ko allonsa zai ɗauki sabon furosesa, nakan duba sau biyu, wani lokaci sau uku. Sannan in ce e, ko in ce a'a.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ita ce lambar.